Ban Yi wa Hafsatu Sakiya Ba

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Idi Wanzami.

Assalamu alaikum, Baba. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, na zo ne in kawo ƙarar kaina wurinka.

Zabirarka tana hannuna, ina aski da ƙaho a nan Kuje yadda ka koya mini. Watan jiya jikarka Hafsatu, wadda ka bari tana rarrafe, ta tashi da kumburi a ƙasan muƙamuƙi. Kwana huɗu ko kunu da ƙyar take haɗiya.

Na danna da yatsa, na ji ya nuna. Na hura wuta, na sa ƙarfen sakiya har ya yi jawur, uwarta ta riƙe ta. Sai na ga jijiyar wuyanta tana harbawa dab da wurin. Hannuna ya ƙi gaba, ni da nake yi wa ƙarti sakiya ina hira! Na tsoma ƙarfen a ruwa, na saɓe ta sai asibiti.

Da ka ga likitar, Baba, da ka yi dariya. 'Yar firit ce, mutuniyar Filato, Hausarta duk a karkace. Ta ɗora na'urar hoto a wuyan, sai ga cikin kumburin a allo, ga jijiyar a gefensa. Ta kashe zafin wurin, ta soka allura, tana kallon allon tana zuƙe mugunyar da sirinji. Ba yanka, ba ɗinki. Abin da muke lalube da yatsa, ita da ido take ganinsa. Wallahi na ji kishi, ba zan ɓoye maka ba.

Aka haɗa mu da magani. Kwana uku yarinya ta koma cin tuwo, tabon kamar cizon sauro.

'Yan majalisa sun samu abin yi, wai gidan wanzami an kai ƙurji asibiti. Kawu Sale ma cewa ya yi na zubar da gadon gida, kuma maganar ta yi mini zafi. Amma kai ne kake ce mini, "Ranar da hannunka ya ƙi, kada ka matsa masa." Yanzu duk wanda ya kawo mini kumburin wuya, can nake tura shi, ko a jikina.

In na saɓa maka, ka yafe mini. Gadon yana nan, Baba. Jikarka ma tana nan, ga ta a gefena ta hana ni rubutu da surutu.

Allah ya haskaka makwancinka, ya sada mu a Aljanna.

Naka har kullum,
Habu.