Sarkin da Ya Koma Noman Kabeji

Guangzhou, ranar Litinin

Zuwa ga ɗana Shitu,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da mutanen Kura. Matarka Najiba lafiya, jego na tafiya daidai. Jaririya tana ɗan tari. Ni gwiwa ce ta matsa mini, benen nan ba ya tausayin tsoho. Shagonka na kasuwar Canaan kuwa shi ne a kwance.

Tunda ba ka sauraron saƙon murya, na ɗauko biro, Najiba za ta ɗauki hoton takardar ta turo maka. Ka yi haƙuri da rubutun, da furfurata na koye shi.

Na baro Kano don wankan jegon matarka, kai kuma ka tsallake mu ka tafi neman gona. Ka ce wani sarkin Rum, Diyokilishiyan, ya raba mulki tsakanin mutum huɗu, daga baya ya sauka ya koma noman kabeji, hankalinsa ya kwanta. Shi ne kai ma ka bar wa yaran shagonka, Mas'udu da Dogara da ƙannensu, shago.

To, na sa Najiba ta karanto mini ƙarshen labarin, tunda kai a kabeji ka tsaya. Yana juya baya magadansa suka kaure da yaƙi. Aka kore 'yarsa zuwa wata ƙasa, ya aika yana roƙo a dawo masa da ita, ba wanda ya kula shi. Ban ci abinci ba ranar, ina ta kallon jaririya.

Naka magadan ma sun fara. Mas'udu ya sake kwaɗo, Dogara ya kwashe atamfofi ya kai masaukinsa. Masu sari daga kasuwar Kwari suna zuwa su tarar da ƙofa a rufe. Jiya na je da kaina, laoban, wato mai ginin, yana gani na ya ce, "Shitu meiyou, shago meiyou." Wannan ko ni na gane: ba Shitu, ba shago. Ranar Juma'a zai ba wani shagon, kuma ka san takardar zaman iyalinka a kan shagon take.

Ka ba ni amsa kafin Alhamis. In ban ji ka ba, zan sa a fasa kwaɗon in hau kujerar da kaina, in yi ciniki da yatsu.

Mahaifiyarka,
Hajiya Rekiya