Wandon Ruwa da Ɗamararsa

Da sunan Allah mai rahama mai jinƙai. Ni Labo ɗan Takama, maharbin Tsarnawa, ni na rubuta wannan takarda da hannuna. Hankalina yana tare da ni, na san ranar yau, na san sunan kowa a gidana, kuma ba wanda ya matsa mini. Jiki ne ya ƙi. Ƙafafuna sun kumbura har takalmi ba ya shiga, numfashi kuma sai na lallaɓa shi. Likita ya duba ni ya ce in koma gida in huta. Ni ba yaro ba ne, na san irin hutun da yake nufi.

Hutun ma ya ƙi samuwa. In na kwanta sai in tashi, in an kai ni zaure sai in ce a mai da ni ɗaki, in an mai da ni ɗaki sai in ji kamar bango zai danne ni. Uwarku Zalika ta ce ciwon ne. Ba ciwon ba ne kaɗai.

Takardar nan taku ce, kai ɗana Habibu, ke ƴata Hassana, da kai Nafi'u ɗan ƙanena marigayi Mahamudu, wanda na riƙa tun yana shekara biyar.

Na ɗaya. Gida da gonar gero da tumaki, a kira liman ya raba yadda shari'a ta ce. Ba ni da abin ƙarawa a kan rabon Allah. Roƙona kawai kada a fitar da Zalika daga ɗakinta, kuma ƴar fadamar da take shuka yakuwa a bar mata ita muddin tana iya duƙawa.

Na biyu. Bindigata ta Nafi'u ce. Shi ba magajina ba ne tunda ina da ɗa namiji, saboda haka wasiyya ta halatta gare shi, kuma bindigar ba ta kai sulusin abin da na bari ba. Na tambayi liman, kada wani ya tayar da magana. Nafi'u, ka je buro, wato ofishin gandun daji a Konni, a sake takardar izini da sunanka, kada ka ce sai gobe. A ba shi ita da maratayinta, wannan baƙar igiyar roba mai ƙarfe a baki. Zan dawo kan maratayin. Ba yanzu ba.

Na uku. Wandon ruwana ya faɗa rabon Habibu. Ina nufin wandon robar nan mai haɗe da takalmi, wanda ke kai wa ƙirji, da nake shiga tafki da shi harbin tsuntsayen ruwa, dinya da kirinjijiya. Habibu ba maharbi ba ne, ko kaza ya yanka sai ya kau da kai, amma yana ban ruwan albasa, kuma jikinsa nawa ne: dogo, mai faɗin kafaɗa, ƙafa kamar faranti. Zai zauna masa daidai.

Na san wannan wando shi ya raba ku. Bara da kaka Nafi'u ya durƙusa ya roƙe ni shi, tunda na daina shiga ruwa. Na ce a'a, ban faɗi dalili ba. Bayan kwana biyu ya ga Habibu sanye da shi a lambu. Daga ranar ya daina sa hannu a kwano ɗaya da Habibu, kuma na ji a bakin Hassana cewa ya ce yanzu ya gane bambancin ɗa da ɗan riƙo. Maganar ta soke ni, har yau ba ta fita ba. Hassana ta kuma gaya mini ta gan shi ranar kasuwar Konni wajen masu gwanjo yana ɗaga wani ƙaton wandon ruwa yana gwadawa a jikinsa, yana cewa da sanyi ya shigo zai dawo ya ɗauka. Tun daga wannan rana zama ya gagare ni.

Nafi'u, kai siriri ne kamar sandar kiwo. Ubanka sak. Wandona zai ci biyunka.

Na huɗu. Bari in faɗi yadda ake zaɓen wandon ruwa, don kusan shekara ashirin na yi a cikinsa, kuma ban taɓa zama na koya wa kowa ba.

Mu mutanen nan muna da wata ɗabi'a a kasuwa. In kuɗi ɗaya ne, babba muke ɗauka. Riga babba, hula babba, takalmin yaro ma sai a sayo wanda zai girma a ciki, a cusa tsumma a gaba. A tudu wannan dabara ce. A ruwa ba dabara ba ce. Ka fara da ƙafa. Ka je da safarka mai kauri, ka sa, ka zura ƙafar, ka sa wani ya taka bakin takalmin, sannan ka ja. In dunduniyarka ta zame ta taso, ajiye shi ko da kyauta aka ba ka. Lakar tafki ba ƙafa take kamawa ba, takalmi take kamawa, kuma in ƙafa tana yawo a ciki ba ka da ƙarfin da za ka fizge shi.

Daga nan ka tsuguna kamar mai alwala, ka miƙe, ka ɗaga gwiwa har ciki. In ya ja ka a tsakanin ƙafa ya yi kaɗan, zai yage ranar da za ka ƙetare kududdufi. In kuwa ƙirjin ya buɗe har za ka iya zura tulu, wannan ba wando ba ne, guga ne. Ka duba ƙasan takalmin, ya kasance da haƙora. Ka shiga rumfa mai duhu ka kunna tocilar wayarka a cikinsa, duk inda haske ya fito ruwa zai shiga. Ƙaramar huda ba komai, mai facin taya zai toshe ta, amma in robar ta fara tsattsagewa a gwiwa ta mutu ke nan. Kada ka ɗauki mai sheƙi, kirinjijiya tana da ido. Ka nemi mai launin laka. In ka dawo ka rataye shi ƙafa sama a inuwa, ban da ƙarƙashin kwanon rufi, ban da inda ɓera ke bi.

Kada ka kai ruwa ga ƙirji don wando ya kai ƙirji. Iyakarka cibiya. Ka riƙe sanda, ita za ta fara taka duk inda za ka taka.

Saura abu ɗaya, shi ne babba, shi nake ta kewayawa. Na ajiye alƙalami sau biyu, na sa an fitar da ni tsakar gida, an dawo da ni. Wandon ruwa yana zuwa da ɗamara. Wanda ba shi da ɗamara, kada ka saya.

Na biyar. Wannan ba rabo ba ne, abin da na ɓoye ne.

Da can ni da Mahamudu tsirara ƙafa muke shiga tafkin Rafin Kuka, ɗan gajeren wando kawai. Matsattsaku su sha jininmu, sanyi ya daskarar da mu, tsargiya kuma ta kama shi har sau biyu yana fitsarin jini. Wata ranar kasuwa wani mai gwanjo ya kwance dila, sai ga wandon ruwa guda biyu. Shi kansa bai san na mene ne ba, cewa ya yi na masu yasar rijiya ne. Kuɗinsu ɗaya. Ɗaya ya yi mini daidai, shi ne wanda Habibu ke sawa. Ɗayan kuwa na wani ƙaton Nasara ne, ko ni na yi iyo a ciki. Akwai ƙarami a rumfar gaba, na gan shi da idona, amma na ce wane wawa ne zai bar babba ya ɗauki ƙarami a kuɗi ɗaya. Na kawo wa ƙanena babban ina taƙama. Ya sa, muka yi ta dariya, ya cusa tsumma a takalman. Bai yi musu ba. Mahamudu bai taɓa musu da ni ba, abin da yaya ya ce shi ke nan.

Babban yana da ɗamara a ƙugu. A makon nan maratayin bindigata ya tsinke. Na dubi ɗamarar, baƙa, mai ƙarfi, na ce ai ado ne irin na Nasara, wando mai igiyar kafaɗa me zai yi da ɗamara. Na zare ta na ɗaura wa bindigata. Ban ma tambaye shi ba.

Wata biyu bayan haka, da safe, rana ta ɗan taso, na harbo dinya ta faɗa tsakiyar bado. Ta fi kusa da Mahamudu, sai ya nufe ta. Ina daga wancan gefe ina kallo. Laka ta kama takalminsa na dama, ya ja, ƙafar ta zame a ciki, takalmin bai motsa ba. Ya sunkuya don ya kama shi da hannu, bakin wandon ya nutse, ruwa ya zuba ciki gaba ɗaya. Ya so ya miƙe, ya faɗi ta gefe. Wurin bai fi ƙirjina zurfi ba. Na kira sunansa, na yi gudun da ake iya yi a cikin laka, wanda ba gudu ba ne. Kafin in kai, bado ya rufe.

Mu huɗu muka kasa ɗaga shi zuwa gaɓa sai da aka tsaga robar da wuƙa ruwan ya zube. Mutane suka ga haka suka ce mutanen ruwa ne suka riƙe shi, wai tafkin yana cin mutum duk shekara bakwai. Jandarma suka rubuta abin da aka gaya musu. Ni kuma na yi shiru, don a lokacin ban gama ganewa ba.

Bayan shekara uku wani ma'aikacin gandun daji ya tsayar da ni yana duba takardata. Ya ga maratayin ya yi dariya, ya ce wannan ai ɗamarar wandon ruwa ce. Ya bayyana mini cewa ita ke matse ƙugu, in mutum ya faɗi ta hana ruwa cika ƙafafun da sauri, ya sami lokacin tashi. Ya faɗa ne kamar mai ba da labarin farashin gero. Na yi masa godiya, na shiga bayan wata bagaruwa na yi amai.

Kwana ya ƙare, na sani, kuma ba mai ƙetare ranarsa. Amma sanadin ta hannuna ya bi. Ni na zaɓi wandon, ni na zare ɗamarar, ni na harbo dinyar. Shekara goma sha shida ke nan da na sani, ina rataye da ita a kafaɗa. Na yi wa kaina ɗamara da tsohuwar roba ta taya, ban gaya wa kowa dalili ba. Na kasa cire waccan daga bindigar, na kasa jefar da ita. An ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, to nawa ya ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa. Tsoro ne, ba wani abu ba. Tsoron idonka, Nafi'u.

Da ka durƙusa kana roƙon wandona, ba ɗan riƙo na gani ba. Mahamudu na gani tsaye cikin abin da ya fi shi girma yana dariya. Sau uku na kira ka ɗaki don in gaya maka, sau uku na ɓige da tambayarka labarin tumaki.

Na shida. Hafiza, mahaifiyar Nafi'u, tana aure a Illela. Hassana, ki je da ƙafarki, ba ta waya ba, ki karanta mata na biyar ɗin nan. Shekara goma sha tara tana tsoron ko da wankin hannu a bakin tafki. Ina so ta san ba aljani ba ne, Labo ne. In ta yafe, Alhamdu lillahi. In ba ta yafe ba, kada ki roƙe ta, hakkinta ne.

Na bakwai. Habibu, kai ne babba, kuma ka ga abin da babba ke iya jawowa in ƙarami ba ya musu da shi. Ka saba wa kanka da jin a'a daga bakin ƙannenka. Ranar kasuwa mai zuwa ka ɗauki Nafi'u a babur ku je Konni tare. Kai za ka taka bakin takalmin, shi ya ja. In ba ku sami daidai shi ba ku dawo hannu wofi, ya haƙura da harbin bana. Dinya ba ta ƙarewa. Kuma ku koma kwano ɗaya, na gaji da ganin Zalika tana raba tuwo biyu tana share ido da gefen zane.

Na fara takardar nan da niyyar a ba liman ya ajiye, a buɗe bayan an kai ni makwancina. Haka na tsara, don kada in ga fuskar kowa. Amma yau da safe ina zaune a tsakar gida sai na ji kukan kirinjijiya, garke guda, sun wuce ta kan gidan nan sun nufi tafki. Sun riga ni. Sanyi ya shigo ke nan, Nafi'u zai koma ɗauko ƙaton wandon nan. Mutuwa ba ta gaya mini ranarta ba, tana iya jan wata biyu, kasuwa kuwa jibi ce. In na jira kunyata ta wuce, zan binne mutum biyu da shiru ɗaya.

Saboda haka ba za a kai wa liman ba. Hassana, ke ce mai karatu da murya. Yau bayan la'asar ki tara su a ɗakin nan, ki karanta daga farko har ƙarshe, kada ki tsallake komai ko da na ce ki tsaya.

Allah ya yi muku albarka, ya tsare ku a tudu da ruwa, ya ba ku ƴaƴan da za su ji ƙanku. Allah ya jiƙan Mahamudu, ya sa in iya haɗa ido da shi. Ku riƙe uwarku, ku riƙe juna, kada ku bari gidan Takama ya rabe a kan roba. Wanda na ɓata wa ya yafe mini.

Nafi'u, ɗana, bindigar tana jingine bayan ƙofa. Ba sai na mutu ba. Ka kwance ɗamarar ubanka da hannunka, ka ɗaura ta inda aka yi ta domin ta zauna. Bayan haka duk abin da ka ga dama ka faɗa mini, ina nan zaune, ba inda zan iya gudu.