Inna, Na Hana Hajo Magani

Zuwa ga mahaifiyata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan rahamar Allah tana tare da ke a makwancinki, ɗanki ne Umaru, daga nan Jabo. Yau na wuce shekarun da kika yi a duniya da fiye da talatin, amma ƙara na kawo miki, kuma ƙarar kaina ce.

Kin san ciwon da kika bar mana. Ina tuna shekarar da aka karɓi mulkin kai, yara na ta gudu da ƙananan tutoci, ke kina bayan rumbu kina shafa man shanu a gwiwar hannu, farin ɓawo na zuba kamar dusa. Wasu suka ce kirci ne, wasu suka daina shan furarki. Har kika rasu ba wanda ya san sunansa. Ni da ƙanwata Hajo muka raba gadon, kuma ba wanda aka cuta.

Kin saba cewa, "Magani in ya shigo gida, na kowa na." Ko saiwa ɗaya aka kawo miki, sai kin fasa ta kin aika wa maƙwabta. Da wannan na tashi.

Bara yarana suka kai ni babban asibiti a Sakkwato. Likita ya ce ba kuturta ba ce, ba ta yaɗuwa, garkuwar jikina ce ke faɗa da fatata. Sai da suka ɗebi jinina suka duba hanta, sannan ya ba ni 'yan ƙwayoyi masu rage ƙarfin garkuwar. Guda huɗu, sau ɗaya a mako, ranar Laraba kawai. Ya maimaita har na ji haushi, kamar ni yaro ne. Duk wata uku kuma a sake duba jini.

Inna, wata biyu fatata ta yi sumul. Na shiga sahu a masallaci ba wanda ya matsa.

Sai Hajo ta zo daga Fakku ta gani. Ta riƙe hannuna tana juyawa. Yaya zan yi? Na ƙirga mata sha shida a takarda, na ce huɗu duk Laraba. Ta ce to. Amma a wajen Hajo, kamar kowa a nan, magani safe da yamma ake sha, kuma wanda ya fi jin jiki ya fi sha. Kwana huɗu ta gama da na wata guda.

Bakinta ya ɗaye, ko kunu ya ƙi wucewa. Zazzaɓi ya kayar da ita. A kan babur aka fito da ita zuwa titi, an ɗaure ta da zane a bayan ɗanta. Ta yi mako uku a gadon asibiti. Likita bai zage ni ba, da ma ya zage ni. Cewa ya yi saura kaɗan, kuma kar in sake.

Ta tashi, alhamdu lillahi. Amma ciwon ya dawo har cikin gashinta, ba ta barci don susa. Ta rantse ba za ta sake taka asibiti ba, wai jininta suka kwashe. Ba kuwa za a ba ta maganin ba sai an duba jinin. Ni take so in ba ta, ta ce yanzu ta gane lissafin. Saƙonta na makon jiya shi ne, "Ku ce ma Yaya, ciki guda munka fito, cuta guda munka gada, magani na ya raba mu."

Dangi sun ce na yi rowa. Ni Umaru, da ban taɓa kulle ko rumbu ba, yau akwai kwaɗo a akwatin da nake ajiye maganin. In na ba ta, ina tsoron in kashe ta. In na hana, ina kallon ta tana tsage fatarta. Na gaji, Inna, kuma ina jin haushinta kamar yadda nake tausayinta. Taurin kan nan kuwa kin san inda ta samo shi.

Jibi zan sake zuwa Fakku in lallashe ta, karo na biyar. Zan sa riga mai dogon hannu, duk zafin nan. Shekara sittin ina rufe hannuna don kar a ga ciwo, yanzu ina rufewa don kar ƙanwata ta ga na warke.

Allah Ya jiƙan ki, Ya haskaka kabarinki. Ya sassauta zuciyar Hajo ta yarda ta bi ni, Ya kuma ba ni ƙarfin ce mata a'a in ta sake riƙe hannuna.

Ɗanki da bai san yadda zai yi ba,
Umaru