Mai Juya wa Madam Shafi

Litinin, 4 ga Maris

Alhamdu lillahi. Ba ciwon ba ne.

Likita ya nuna mana hoton kan Madam Winifred, ya ce ƙwaƙwalwa lafiya lau, babu alamar abin da ya kama mijinta. Gajiya ce, da shekara saba'in da huɗu, da maganin barcin da ta ƙara wa kanta ba ta gaya wa kowa ba. Ni da na yi jinyar marigayin har ya daina gane cokali, na san abin da muka tsallake.

A mota ta ce, "To Hansa, ashe ba zarewa nake ba, tsufa ne. Wanne ya fi?" Na ce tsufa ai rigar kowa ce. Ta ce ita ba ta ba tela ɗinki ba.

Laraba, 6 ga Maris

Har yau ba ta buɗe piyano ba. Tun Janairu ke nan, ranar da kiɗa ya ƙwace mata a Toronto gaban mutum dubu, ta tsaya cak, hannuwa a sama. Ga wasan 7 ga Afrilu a nan Cleveland, cikarta shekara hamsin a dandamali. Ta ce a soke. In ta soke wannan, na san ta, ba za ta ƙara hawa ba.

Juma'a, 8 ga Maris

Leland ya zo saita piyano. Shekara talatin yana yi mata, shi kaɗai ke iya gaya mata magana.

Ya ce, "Winnie, ki sa littafin kiɗan a gabanki ki buga mana. Wa zai mutu?"

Ta ce ita za ta mutu. Wai mai kiɗa shi kaɗai ba ya hawa da takarda, malamarta ma sai ta juya a kabari.

"Malamar da ta rasu tun ina da gashi? Bar ta ta juya, ta motsa jini."

Ta jefe shi da tsumman goge piyano. Amma da ya tafi na ji ta buɗe murfin. Minti goma kawai. Na gode Allah.

Talata, 12 ga Maris

Ta yarda da littafin. Sai dai dole a sami mai juya shafi, kuma ta ce ba ta son ɗalibai, suna juyawa da wuri don a san sun iya karatu, gobe kuma labari ya zaga gari. Ni take so.

Na ce Madam, ni waɗannan ɗige-ɗigen ƙudaje ne a kan igiya. Ta ce ba sai na karanta ba, za ta gyaɗa kai, in juya.

Ba wannan ne ya tsaya mini ba. Shekara goma sha tara ina gidan nan, kiɗa na shigowa kicin ina aikina, ina gaya wa kaina ji daban, saurare daban. Haka na fahimta tun a gaban Malam a makarantar allo. Yanzu zama zan yi in kasa kunne da gangan. Na ce ta ba ni kwana biyu.

Alhamis, 14 ga Maris

Na amsa. Niyyata riƙe tsohuwa kada ta faɗi. Allah ya san zuciya.

Asabar, 16 ga Maris

Dokoki kamar na aikin hajji. A hagunta zan zauna, ɗan baya kaɗan. Baƙaƙen kaya. Ba awarwaro, ba turare. In miƙe, in kama kusurwar sama da hannun hagu, kada hannuna ya tare mata gani. In an tafa ba ni ake wa ba, kada in rusuna. "Ke kujera ce mai hannu," in ji ta.

Hannun hagun ne ya fi ba ni wuya. Ban saba miƙa wa babba abu da shi ba.

Laraba, 20 ga Maris

Gyaɗa kai bai yi ba. Madam in kiɗa ya ratsa ta, kanta ba ya tsayawa, kamar ƙadangare a kan katanga. Sau uku na juya ba lokaci ba. Ta daki maɓallan da tafi biyu. "Wannan ba ke nake wa ba, Hansa! Da kaina nake!" Na ce to ta yaya zan bambance? Ta rufe piyanon.

Alhamis, 21 ga Maris

Abin kunya, amma zan rubuta.

Yau ban kalli kanta ba. Na bi kiɗan da kunne, sai na ga na san abin da ke tafe kafin ya zo. Duka. Dogon kiɗan da za ta buga, na wani Bajamushe, minti arba'in, yana kaina tun daga farko har ƙarshe, ban san ranar da ya shiga ba. Abin da ya rage in riƙe inda kowane shafi ya ƙare, wannan kuwa tun ina shekara tara na iya shi a wajen hadda.

Shafi talatin da ɗaya, ban kuskure ko ɗaya ba. Ta cire tabarau ta dube ni. "Munafuka. Shekara nawa kina sata ta ƙofar kicin?"

Na yi istigfari a hanyar wanke kwano. Amma na ji sanyi a raina.

Talata, 26 ga Maris

Na gano inda ta ɓace a Toronto. Akwai wuri biyu masu kama da juna sak, ɗaya a shafi na huɗu, ɗaya a na tara. Tafiya ɗaya suke, sai a ƙarshe hanya ta rabu. In hannu ya ɗauki ta farko a wuri na biyu, ya mayar da kai baya. Astagfirullah, ba haɗa su nake ba, amma duk wanda ya yi hadda ya san wannan. Ayoyi masu kama ke jefa mutum wata sura, ba masu wuya ba.

Na gaya mata Malam kan ce ka riƙe kalmar da ke gaban mararrabar. Ta zana jan da'ira a wurin. Ta ce da malaminku ya koyar a makarantarmu da an huta.

Laraba, 3 ga Afrilu

Tana cin abinci. Ta yi faɗa da mai kawo wasiƙa. Lafiya ta samu.

Asabar, 6 ga Afrilu

Gwaji a zauren. Kujeru dubu biyu babu kowa sai Leland a layi na biyar yana cin gyaɗa. Ya ce mayafina ya fi rigar Winnie kyau, a bar ni in yi wasan. Na duba lokacin la'asar, akwai hutun rabi, ɗakin canja kaya ya ishe ni.

Lahadi, 7 ga Afrilu

An yi. An gama.

Ƙarfe uku muka fita, ta ci ayabarta ɗaya kamar kullum. Na ji ɗan guna-guni da suka ga littafi, ko kuwa ni suka gani. Ta fara. Shafi takwas kamar ruwa.

A na tara na dube ta, idonta a rufe. Sabon shekara hamsin. Jan da'irar na nan, ba mai kallonta. Kuma hannun ya ɗauki hanyar farko.

Na ji shi tun sautin farko. Ita ba ta ji ba tukuna, ta koma baya tana tafiya abinta. Na san nan da ɗan kaɗan za ta farga, ta buɗe ido, ta ga shafin da ba shi take bugawa ba, Toronto ta dawo. Ba wanda ya koya mini abin yi. Na miƙe, na kama ganye uku a haɗe, na mayar baya. Ina addu'a kada yatsuna su ƙirga ba daidai ba.

Ta buɗe ido. Na ga wuyanta ya sandare. Ta kalli takarda, abin da hannunta ke yi shi ne a gabanta. Ta ja numfashi ta ci gaba. Muka sake bin hanyar tare, da muka iso mararraba idonta a kan jan da'ira kamar mai zare ƙaya. Ta wuce.

Sun tafa a tsaye, sau huɗu tana fita. Ni ina bayan labule da littafi a ƙirji.

A ɗaki ta zauna ta cire takalma. Can ta ce, "Baya kika juya." Na ce inda kika je na bi ki. Ta kama hannuna, na hagun, ta riƙe har Leland ya shigo yana cewa, "Winnie, kuɗin minti arba'in suka biya, kin ba su arba'in da huɗu. Gyara ce?"

Talata, 9 ga Afrilu

Jarida ta yaba mata, wai ta maimaita wani sashe da gangan, dabara ce ta manya. Na ce Madam, wannan ai ba gaskiya ba ne. Ta buga wa ɗan jaridar waya da kanta ta ce ɓata ta yi, aka dawo da ita. Ya yi dariya, ya ɗauka wasa take. Mun dai faɗa.

Juma'a, 12 ga Afrilu

An kira daga garuruwa uku. Ta ce musu sai bayan azumi, mai juya mata shafi ba ta tafiya a Ramadan. Ban ce zan je ba. Ban kuma ce ba zan je ba.

Da hantsi tana motsa yatsu a kan piyano, na ajiye guga na ce ko za ta sake buga mini sashen nan mai sanyi na tsakiya, in tabbatar da wurin juyawa. Ta leƙo ta saman tabarau.

"Hansa, shafi biyu ne a buɗe. Babu juyawa a ciki."

Na ce au, haka ne.

Ta buga. Na zauna har ya ƙare. Rigunan ba su da yawa dama.