Ɗakin da Aku Ta Kama Mana a Bakin Teku

Ƙanena,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da maman yara da tagwaye. Mu nan sai godiya. Ƙafar maigida ta yi sauƙi, har ya koma aiki yana cika baki wai shi ya warkar da kansa, alhali sai da na riƙa bin sa da magani kamar yaron goye. Shagon ɗinki kuma ya cika da kayan makaranta, idona har yaji yake yi.

Maganar 'yarka Aku ce ta sa na ɗauki biro. Ka san ta zo ta ɗaya a rubutun Faransanci, amma a jarrabawar baka ta zauna gaban mai jarrabawa minti goma ba ta ce uffan ba. Sun ba ta dama ɗaya bayan hutu. In ta sake faɗuwa, gurbin makarantar tafinta da take mafarki tun tana aji ɗaya ya tafi ke nan. Yarinyar da muka laƙaba wa Aku saboda surutu, yau ita ce ake roƙo ta buɗe baki. Wallahi abin yana ci mini rai.

Na ga hotunan otal ɗin da ka turo, kuma na gode da tunaninka na a kai ta bakin teku inda ake jin harshen. Wuri ya yi kyau, ni kaina sai da na ƙyasa. Amma da na nuna wa malamarta, dariya ta yi. Ta ce ma'aikatan irin wannan otal kowane harshe suna ji, da sun ga kana in'ina sai su juya maka zuwa wanda ka iya. Abinci kuma a jere yake, ko gishiri ba sai ka roƙa ba. Aku za ta yi sati biyu tana gyaɗa kai, ta dawo da hotuna.

Yanzu ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Duk Asabar kafin ka kira, Aku tana shiga ɗakin ajiyar yadi ta rubuta abin da za ta gaya maka a bayan takardar awo. In kun gama, sai in tsinci takardar a kwandon ƙyallaye, a yayyage. Rannan ina kama mata bakin siket na tambaye ta. Ta ce ba ta taɓa kai ƙarshen magana ba tare da Baba ya tare ta da gyara ba. Ta ce ranar jarrabawa, da mutumin ya ɗaga bironsa, muryarka ta ji. Na san so ne ya sa, shekara goma sha biyu kana aiki da harshen, kunnenka ba ya jure kuskure. Amma ni ko mai koyon ɗinki ba na warware masa zare sai ya kai ƙarshen layi. Kai ma ka tuna ranar da mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya sa ka karanta wasiƙa a gaban baƙi, ka ƙare a bayan randa kana kuka.

Malamar ta ba mu lambar wata tsohuwa a wani ɗan garin masunta, mai ba da hayar ɗakuna biyu a saman shagonta na igiya da ƙugiya. Ba a dafa wa baƙo, akwai dai risho da tukwane. Burodi sai ka je gidan burodi, kifi sai ka tari jirage da safe ka yi ciniki, kuma duk garin Faransanci kaɗai suke yi da baƙo. Ni kuwa ban da gaisuwa ban san komai ba. In Aku ba ta yi magana ba, da yunwa za mu kwana, kuma ta san goggonta ba ta wasa da ciki.

Ranar Litinin na miƙa mata waya a shago na ce ita za ta kama mana ɗakin, na taka keken ɗinki don ta ɗauka ba na ji. Ashe tsohuwar kunnenta ya yi nauyi. Aku ta yi raɗa, ba a ji ba. Ta maimaita, ba a ji ba. A karo na uku ta ɗaga murya har mai kawo guga ya leƙo ya ga ko lafiya. Ban san lokacin da ƙafata ta tsaya ba. Minti shida suna yi, har da dariya. Da ta ajiye, ta ce tsohuwar ko sau ɗaya ba ta gyara mata ba, ita dai a ƙara murya. Na shiga ɗakin yadi na share hawayena.

To, can za mu, in Allah Ya yarda. Sannu ba ta hana zuwa. Jiya tana tattara allurai ta tambaye ni, ba ta ko dube ni ba, ko Baba zai zo. Ta ce tana so ita ta saya maka kifi da bakinta. Na ce mata zan tambaya, ga shi na tambaya. Ka zo mana kwana ukun ƙarshe, ka tsaya a bayanta a bakin jirage, duk abin da cinikinta ya kawo ka ci ka ce ya yi daɗi.

Ka gaishe mini da maman yara da kyau, ka shafa kan tagwaye. Maigida yana gaishe ka, Aku ma haka. Ka taho da yunwarka, jan biron nan naka na gyaran kuskure ka bar shi a ofis.

Taka har kullum,
Yayarka