Angulayen Baba sun dawo kan gawo

Filinge, ranar Litinin

Zuwa ga yayana Tahiru, a Kwatano.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da Muna da yara. Allah ya ƙara maka lafiya, ya buɗa kasuwa, ya tsare ku a ƙasar mutane. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, idon ne dai har yanzu sai a hankali. Hatsi ya shiga rumbu. Tun da sojoji suka hau aka rufe iyaka ba mu sa ka a ido ba, kuma waya ba ta isa wannan labari, shi ya sa na zauna na rubuta.

Na san ka ji ƙishin-ƙishin cewa an kusa rufe rumfar kilishin da Baba ya bar mana. Gaskiya ne, amma kwantar da hankalinka, ƙura ta lafa. Ka tuna dutsen nan na gindin gawo, bayan rumfa, inda Baba yake zuba jijiya da tarkacen yanka kowace safiya, ya ce rabon angulu ne? Ƙanenka Kailu, tun da rumfar ta koma hannunsa, ya daina. Ya ce shi ba zai ciyar da masu zaman banza ba. Tarkacen sai ya riƙa watsawa bayan katanga. Karnuka suka gane hanya, daga tarkace suka wuce zuwa naman da muke shanyawa, rana guda suka janye rabin shanya. Kailu, ka san shi da zuciya kamar garwashi, bai shawarci kowa ba ya ɗauko maganin ƙwarin da muke fesa wa wake, ya barbaɗa a hanjin akuya, ya ajiye wa karnuka. Kare ko ɗaya bai taɓa ba. Angulaye ne suka sauko. Da na zo da kwanon labu, haɗin gyaɗa da yajin kilishi, da hantsi, tara na gani a ƙasa matattu. Yaya, na yi kuka, ban ɓoye maka ba. Sauran suka tashi, gawo ya zama wayam.

Kafin azahar Moussa ma'aikacin daji ya iso da babur. Ashe akwai masu kashe angulu da gangan su sayar da kawunan, to zargin da ya fara yi mana ke nan. Sai da ya duba ya ga ba wadda aka cire wa kai, ni kuma na faɗa masa gaskiya duka, Kailu yana tsaye yana kallon ƙasa. Ya sa aka haƙa rami mai zurfi aka binne su. Ya ce ya ba mu wata biyu mu gyara wurin, in ya dawo ya tarar da ƙazanta ko wata tsuntsuwa ta sake mutuwa, zai kai magana gaba a rufe rumfar. Wannan bai ba ni tsoro kamar abin da ya biyo baya ba. Da babu masu share wuri, wari ya tashi, ƙuda suka yi mana sallama, direbobin Yamai da suka saba tsayawa suka koma saye a wani wuri. Inna kuwa ta ce ba za ta ƙara cin abin da ya fito daga rumfar nan ba sai angulayen nan, baƙin mijinta, sun dawo. Kuma ta riƙe maganarta, ko romo ba ta sha.

Muka duƙufa. Na sayar da tunkiyata muka sayi raga, kafinta ya yi mana akwatunan shanya masu ƙafa, iska na shiga, kare da ƙuda ba hanya. Kashi da abin da ba ya ciyuwa muka yi musu rami da murfi. Moussa ya nuna mana murhun laka mai cin itace kaɗan, yanzu itacen da muke ƙonawa a kwana uku yana kai mu mako, kuma mun bar sayen ɗanyen itacen da aka saro. Leda ma mun bari, mun koma naɗi da takarda kamar zamanin Baba, don an sha samun leda a tumbin dabbar da aka yanka. Maganin ƙwarin kuwa yana ɗakina, mabuɗi a wuyana. Kailu da kansa ya wanke dutsen, ya koma zuba rabo kowace safiya. Mako biyar yana zubawa, ba mai zuwa sai hankaki. Ya rame, ya daina wasa da kowa, har na fara jin tausayinsa.

Jiya, ranar kasuwa, ina dama labu, na ga inuwa ta gilma a kan tabarma. Na ɗaga kai, ga angulaye a reshen sama, sun zauna kamar tsofaffi a ƙofar masallaci. Ba wanda ya yi motsi har ɗaya ta sauko kan dutse. Kailu ya ruga gida ya ɗauko Inna a amalanke. Ba ta iya ganinsu, sai ta karkata kunne ta ji fukafukai, sannan ta miƙa hannu ta ce, “Kailu, ba ni kilishin in ɗanɗana, in ji ko ka iya.” Ta ci, ta ce gishiri ya yi yawa. Da la'asar Moussa ya zo ya zagaya, ya ce mu ci gaba da aikinmu, har ya sayi ƙunshi biyu. Rabon da in yi barci irin na jiya tun kafin kaka.

Ka gaida Muna, ka shafa mini kan yara. Inna tana sa maka albarka, ta ce ka zo da zarar hanya ta samu. Ga ƙunshin kilishi na haɗo da takardar, ka faɗa mana gaskiya game da gishirin. Ni shida na ƙirga a kan gawo, amma Kailu, wanda ya ce ba zai ciyar da masu zaman banza ba, yana tsaye a kaina ya nace in rubuta maka bakwai ne.

Taka ƙanwa,
Haske