Ungozoma a Bakin Akurki

Zuwa ga ƙanwata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina fata kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Yaya ciwon ƙugun nan naki? Kina shan maganin da na rubuta miki, ko kin tura shi ƙarƙashin katifa yadda kika saba? Mu nan lafiya lau, sai godiyar Allah.

Na san za ki ce me ya kawo takarda alhali ga waya. To, wata shida ke nan wayarmu ba ta wuce yaya gida da sai anjima, tun ranar da Inna ta rasu na gaya miki maganar da na gaya miki. Ba ita ta kawo ni yau ba. Albishir na zo miki da shi: Mai Ɗankwali ta fara kwanci.

Kin dai san yadda abin yake. Kajin nan masu tukku a ka, Inna wajen kakarmu ta samo irinsu, ta yi shekara arba'in tana riritawa. Ciwon da ya shiga akurkinta bayan rasuwar ya share su tas, ya bar mana tsohuwar kazar nan Mai Ɗankwali da zakaranta Ladan. Ke kina hawa na uku a bene, ko wurin shanya ba ya isarki, shi ya sa suka dawo hannuna. Abin da ban gaya miki ba shi ne Ladan ya mutu makon jiya. Da safe na ji shiru, na je na tarar da shi a kwance, tsufa ne kawai. Ƙwai goma sha biyun da ta saka kafin ya mutu, su ne ragowar irin Inna a duniya. In ba su ƙyanƙyashe ba, shi ke nan, an gama.

Amma kada ki tada hankalinki. Shekara talatin da ɗaya na yi a ɗakin haihuwa kafin na yi ritaya. Na karɓi 'yan biyu, na karɓi 'yan uku, na karɓi wanda ya zo ta ƙafa ranar da babu wuta babu likita. Yanzu kaza ce za ta gagare ni? Na tuna kin ce in miƙa su ga maƙwabciyata matar kafinta, wai ita ta tashi cikin kaji. Na gode da shawara. Gaskiya ne kafin kajin nan ban taɓa kiwon ko tantabara ba, amma haihuwa ai haihuwa ce.

Ki zo ki ga shiri. Mijin maƙwabciyar tawa ya haɗa mini akurki a gefen tankin ruwa da tsofaffin tagogin ɗakin baƙi. Na zuba garin katako a kwando, na sa wa kowane ƙwai lamba da fensir, daga ɗaya zuwa sha biyu, na buɗe wa kowa katinsa. Bakwai daga ciki sun zo da kashi a jiki, kin san ni da ƙazanta. Na ɗebo ruwan famfo, na ɗiga maganin kashe ƙwayoyin cuta, na bi su ɗaya bayan ɗaya da auduga har suna sheƙi. Ina cikin yi matar kafinta ta leƙo ta kan katanga, ta riƙe baki ta ce, Anti, ai ba a wanke ƙwan kwanci. Na yi mata bayanin ƙwayoyin cuta dalla-dalla yadda nake yi wa ɗalibai. Ta ce to, Allah ya raya, ta sauka.

Baban yara kuwa sai tsiya yake mini, wai na mayar da bayan gida asibiti, yana tambaya ƙarfe nawa ake barin 'yan dubiya su shiga. Ki bar shi. Nan da kwana ashirin da ɗaya zan aiko miki da hoton 'yan tsaki goma sha biyu, sai ki nuna wa masu shakka.

Ki gaishe da maigidan da yara da kyau.

Yayarki,
Ungozoma

Ƙanwata Auta,

Ina gaishe ki gaisuwa irin ta 'yan'uwa. Ina fata kowa lafiya, kuma ƙugun ya yi sauƙi. Amsarki ta iso, layi huɗu cif, na ƙirga. Duk da haka na ji daɗinta, har na karanta ta sau uku.

Akwai labari, kuma ba zan ɓoye miki ba, don ni ban saba rubuta ƙarya a kati ba. Ran kwana na goma na yi musu awo. Da rana tsaka na shige sito na rufe ƙofa, na riƙa ɗora kowane ƙwai a kan fitilar waya. Auta, ikon Allah! Biyar na ga jijiyoyi ja sun bazu a ciki, da ɗan baƙin abu yana motsi. Na yi shekaru ina kallon hoton ciki, amma wannan sai da ya sa tsigar jikina ta tashi. Sauran bakwai kuwa ruwa ne kawai ke kai-komo, wani da duhu-duhu. Na ce ƙila fitilar ce ba ta da ƙarfi, na mayar wa kazar da su.

Shekaranjiya ɗaya ya fashe. Baban yara yana shan shayi a baranda, warin ya taso shi, ya bar takalminsa ƙafa ɗaya a wurin. Baragurbi ne. Na kwashe sauran shidan da hannuna na binne bayan tanki, sannan na ɗauko katunana. Duk ƙwan da na rubuta wa an wanke, ya lalace. Duk wanda ban taɓa ba, yana raye. Katin da na buɗe don in yi wa matar kafinta burga, shi ya tsaya ya ba da shaida a kaina.

Na cire girman kai na je na tambaye ta. Ta ce ƙwai da rigarsa yake fitowa, wata siririyar riga da ido ba ya gani, ita ke hana ƙazanta shiga ta ɓawo. In ka wanke, ka tuɓe masa ita, ka kuma tura masa dattin ciki. Baban yara ya ce wato na tashi kashe ƙwayoyin cuta na haɗa da ƙwayayen Inna. Ban yi dariya ba, don abin ya yi mini ciwo ƙwarai. Bakwai fa, Auta, da hannuna.

Amma biyar ba kaɗan ba ne, kuma lafiyarsu ƙalau. Wanka dai ba fannina ba ne, na yarda. Ranar fitowa kuwa, nan ne gidana. Na riga na dafa hantsakina da ƙaramin almakashi, na tanadi auduga da safar hannu a jakar aikina. Duk wanda ya maƙale zai tarar da ni a tsaye.

Kin rubuta cewa in bar kazar ta yi aikinta. Har kin tuna mini abin da Inna take cewa, wai ni hannuna ya cika riga idona zuwa. Na ji. Amma hannun nan ne ya fito da rabin yaran unguwarmu, har da naki biyu.

Saura kwana takwas. Ki taya mu da addu'a.

Taki har kullum,
Yaya

Zuwa ga Autar Inna,

Assalamu alaikum. Ina fata wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da duk mutanen gidan. Ki sami wuri ki zauna, don wannan tana da tsawo.

Ran Talata da safe na ji kuka siriri daga ƙarƙashin Mai Ɗankwali. Na ɗaga fiffikenta, ta kai mini sara a bayan hannu, amma na gani: mai lamba tara ya huda ɓawo, ɗan bakinsa yana leƙowa. Na rubuta lokaci. Ƙarfe tara, hudar tana nan yadda take. Sha ɗaya, ba ta ƙaru ba. Azahar ta yi, babu ci gaba. A wurinmu, naƙudar da ta tsaya haka ba a zuba mata ido. Na sa safar hannu, na ɗauke shi, na shimfiɗa auduga a kan tire, na fara ɓare ɓawon da hantsaki a hankali, aiki mai tsafta wanda ko likita ya gani sai ya yaba.

Da na kai ga tantanin ciki sai jini. Jijiyoyin ba su bushe ba, gwaiduwar ma tana rataye a cibiyarsa bai gama janye ta ba. Ya buɗe baki sau biyu a tafin hannuna, ya daina.

Matar kafinta ta shigo ta same ni a haka. Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta dai karɓe shi ta naɗe a tsumma, ta ce, Anti, ba maƙalewa ya yi ba, hutawa yake. Wai in ɗan tsako ya huda, yakan kwana guda a haka yana shan iska, yana janye jininsa da abincinsa, sai ya shirya ya fito da kansa. Na ce to sauran huɗun fa, me zan yi musu? Ta ce, ki zauna.

Na tattara jakar aikina na ba Baban yara. Na ce ya kulle ta a but ɗin mota, kuma ko kuka na yi kada ya ba ni makulli. Na jawo 'yar kujera bakin akurki, na zauna a kan hannuwana, a zahiri fa, na tura su ƙarƙashin cinya. Auta, na yi aikin kwana uku a jere ba hutu, amma ban taɓa aiki mai wuyar wannan ba. Kina jin kukansu a cikin ɓawo, kin san inda za ki taɓa, ba dama. Sau biyu ina tashi in ce ya ba ni makullin. A na biyun sai ya sa hularsa ya tafi aski da shi a aljihu, mutumin da ko gashin kirki ba shi da shi.

Kafin magariba mai lamba takwas ya fito. Washegari da safe na tarar da goma da sha ɗaya sun bushe, suna leƙowa ta cikin gashin uwarsu. Saura mai lamba sha biyu. Tun jiyan ya huda, kuma hudar ba ta fi ƙwayar gero ba. Na koma kan kujerata. Rana ta zagayo ta same ni, ban matsa ba. Sai na lura da abin da ban taɓa tsayawa na ji ba: kazar tana yi masa wani gunaguni ƙasa-ƙasa, shi kuma yana amsawa daga ciki. Ba ta taɓa ɓawon ba ko sau ɗaya. Tana nan dai a kansa, da ɗuminta, tana ce masa ga ta. Dab da la'asar ya zagaye ɓawon da bakinsa, ya tura, ya faɗo a jiƙe, mummuna, da ɗan tudu a tsakar ka. Duka huɗun suna da tudun nan, wurin da tukku zai fito. Irin Inna bai ƙare ba.

Yanzu ga abin da ya sa na ce ki zauna. Ina kan kujerar nan ranar asibiti ta dawo mini. Inna ta riƙe bakin mayafina ta ce, ki zauna. Na zare hannunta na ce yanzu zan dawo. Na tafi neman likita, na tafi neman tukunyar iska, na yi faɗa da masu aiki a hawa biyu, alhali ni da kaina na karanta katinta, na san babu sauran abin yi. Da na dawo ta riga ta tafi, hannunta a cikin naki. Na dube ki a gaban mutane na ce kina zaune ba ki yi komai ba.

Kwana biyu na yi ina gwada abin da kika yi ran nan, da ƙyar na iya, shi ma sai da aka kulle mini jaka. Ke ba wanda ya kulle miki komai. Kin zauna, ta ji ɗuminki, ta san akwai wani a wurin. Ni ce ban yi komai ba, Auta, ni da na yi ta gudu. Ki yafe mini don Allah. Na daɗe da sanin na yi miki ba daidai ba, bakina ne ya yi nauyi.

'Yan tsakin suna cin tsaki da kansu, suna shan ruwa a murfin kwalba da na zuba wa tsakuwa don kada su faɗa. Matar kafinta ta ce sai nan da makonni za a gane zakara da kaza a cikinsu. Ni dai na duba tsayuwar mai lamba goma na ce zakara ne, kuma za ki ce na faɗa. Kwanci na gaba, in Allah ya kai mu, ba wanka ba hantsaki, za ki ga ƙyanƙyasar da ba a taɓa yi ba a unguwar nan.

Mai lamba sha biyu naki ne, tunda shi ne auta. A nan zai zauna, sai dai ki riƙa zuwa dubiya. Ki zo ran Asabar, kada ki ce ƙugu. Na sa kafinta ya yi kujera ta biyu, mai jingina, na ajiye ta kusa da tawa.

Ki gaishe da maigidan da yara.

Yayarki mai jiran zuwanki,
Ungozoma